Jazira da Nil Azraƙ: a zuba mofin cikin allurar kashe hannu, ko a ajiye shi don dare?

A ranar 11 ga Janairun 2025 sojojin Sudan suka sake karɓe Wad Madani daga hannun dakarun RSF, waɗanda suka riƙe birnin tun Disamban 2023. Kafin nan, a Nuwamban 2024, sun ƙwato Sinja, hanyar da ke zuwa Damazin ta sake buɗewa. Jama'a suka fara komawa gida, ciki har da Hausawan ƙauyukan Jazira, da na Mai Wurno da ke kudu da Sinnar, da na bakin kogin Nil Azraƙ. Wasu sun dawo da raunukan da ba a taɓa yi wa aiki ba: karayar da ta haɗe a karkace, ɓarɓashin bam da ya maƙale a damtse, yatsun da suka sandare. Ga kuma raunukan da aka saba da su tun kafin yaƙi, na lauje da injin sussuka da haɗarin babur.

Duk waɗannan hannaye suna jiran ɗakin tiyata. Shi kuwa ɗakin tiyata yana jiran wuta, da iskar oksijin, da magani, da ma'aikatan da suka watse zuwa Masar, Saudiyya da Fot Sudan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha nanata cewa kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na cibiyoyin lafiya a yankunan da ake gwabzawa sun daina aiki. A irin wannan hali, wata muhawara da likitocin kashe zafi suka shafe shekaru fiye da 30 suna yi a mujallunsu ta zama ta shafi manomin Hasahisa kai tsaye: idan za a kashe wa mutum hannu da allura domin a yi masa aiki, a haɗa maganin da ɗan mofin ko ɗan'uwansa domin ya ƙara daɗewa, ko kuwa a bar shi?

Yadda ake kashe hannu mai shi yana farke

'Yan Sudan suna kiran maganin da ke hana jin zafin tiyata banj, mu muna cewa banju. Wanda aka fi sani shi ne na barci gaba ɗaya, wato a gusar da hankalin mutum, a zura masa bututu a maƙogwaro, na'ura ko hannun ma'aikaci ya riƙa yi masa numfashi. Wannan yana cin oksijin, yana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, da mai lura da majinyaci har ya farfaɗo. Tun farkon 2025 jirage marasa matuƙa ke kai hari kan tashoshin wuta na Sudan, har da na madatsar Marawi, kuma duk asibitin da ke dogaro da janareta ya san kuɗin kowace litar gas.

Hannu yana da wata hikima a halittarsa. Jijiyoyin da ke ɗaukar ji da motsi zuwa gare shi suna fitowa ne daga laka a gindin wuya, su haɗu kamar tufkar igiya, su bi ta bayan ƙashin da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa, su ratsa hamata, sannan su rarrabu zuwa yatsu. Idan aka zuba maganin kashe zafi a gefen wannan tufka, hannun duka zai mutu na wasu awoyi, mai shi kuwa yana kwance ido biyu, yana numfashi da kansa, yana iya amsa tambaya. Dabarar ta tsufa. A 1911 wasu likitocin Jamus biyu, Hirschel da Kulenkampff, suka bayyana yadda ake yin ta da allura, ɗaya ta hamata, ɗaya ta saman ƙashin wuya, kuma shi Kulenkampff a jikinsa ya fara gwadawa. Daga 1994 likitoci a Biyana suka nuna cewa da na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, ana iya ganin jijiyar da bakin allurar a lokaci guda, maimakon lalube.

Amfanin wannan ga asibitin da ba shi da wadata a bayyane yake. Kwalba biyu ko uku ta magani, allura, da hannun da ya ƙware, an gama. Majinyaci yana iya shan shayi ba da jimawa ba bayan aiki, sau da yawa ya koma gida a ranar. Sai dai dabarar tana da nata haɗarin. Idan maganin ya kuɓuce cikin jijiyar jini yana iya jawo farfaɗiya ko ya tsayar da zuciya. Allurar saman ƙashin wuya tana iya huda huhu idan an yi ta a makance. Wadda ake yi can sama a wuya, don aikin kafaɗa, kusan kullum tana kashe jijiyar da ke motsa tantanin numfashi na wannan ɓarin, abin da mai asma ko tsoho mai ciwon ƙirji ba zai iya ɗauka ba. Shi ya sa inda babu sikanin aka fi natsuwa da ta hamata, kuma ko ita ba a yin ta sai da ƙarin ruwa a ɗaure, da 'yar na'urar auna oksijin a yatsa, da kayan ceto a kusa.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarewar maganin. Lidoken, wanda aka fi samu, awa biyu zuwa uku yake yi. Bufibaken yana kaiwa awa shida zuwa goma sha biyu. A ƙaddara an yi wa mutum aikin karayar wuyan hannu da hantsi a Madani, ya hau mota bayan la'asar zuwa ƙauyensu yana murna cewa bai ji komai ba. Tsakar dare hannun zai farka, ya farka kuma da dukan zafin ƙashin da aka huda aka ɗaure da ƙarfe. Wani bincike da aka yi a Kanada aka buga a 2021 ya gano cewa kusan rabin waɗanda aka sallama a ranar aiki bayan irin wannan allura sun gamu da zafi mai tsanani lokacin da ta sake su. A Kanada ke nan, inda akwai lambar waya da za a kira da kantin magani a buɗe duk dare.

Daga nan tunanin haɗa maganin da wani abu ya samo asali.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

A 1973 masana suka gano cewa ƙwaƙwalwa tana da wasu mazaunai na musamman da mofin da danginsa ke kamawa su kashe zafi. Daga baya aka ga alamun irinsu a jijiyoyin da ke nesa da ƙwaƙwalwa, musamman inda nama ya kumbura. A 1991 Christoph Stein da abokan aikinsa suka buga rahoton cewa ɗan mofin kaɗan da aka zuba cikin gwiwa bayan tiyata ya rage zafi. Sai likitoci suka ce, to me zai hana a zuba shi a gefen jijiyar hannu? Aka gwada mofin, aka gwada fentanil, fetidin, tiramadol, bufrenofin, har yau kuma ɗaliban likitanci a Indiya, Masar da Najeriya suna rubuta kundin kammala karatu a kan wannan tambaya.

Akwai wata matsala da ta dabaibaye yawancin gwaje-gwajen. Duk maganin da aka zuba a hamata, jini zai tsotse shi ya kai shi ƙwaƙwalwa. Saboda haka idan majinyaci ya samu sauƙi, ta yaya za a san a jijiyar maganin ya yi aiki, ko kuwa da an yi masa allurar a ɗuwawu ma sakamakon ɗaya ne? Gwajin kirki dole ya kwatanta da wanda aka ba shi maganin daidai wannan adadi ta tsoka ko ta jijiyar jini. Da yawa ba su yi haka ba. A 1997 wasu masu bincike a Okusfod suka tattara gwaje-gwaje 26, suka ce ba su ga hujjar cewa dangin mofin suna yin wani aikin a zo a gani a gefen jijiya ba. A 2000 wata tawaga a Toronto ta sake duba na hannu kaɗai, ta ce amfanin, in ma akwai, ɗan ƙanƙani ne.

Guda ɗaya ya fita daban, wato bufrenofin. A farkon shekarun 2000 Kenneth Candido da abokansa a Cikago suka raba majinyata kashi uku: waɗanda aka zuba wa shi cikin allurar hamata sun yi kusan awa 22 ba zafi, waɗanda aka yi wa shi ta tsoka kimanin awa 12, waɗanda ba a ba su ba kuwa tsakanin awa 6 da 7. Daga baya aka gano dalili: bufrenofin yana toshe hanyar saƙo a jijiya kamar yadda lidoken ke yi, abin da mofin ba ya yi. Da aka haɗa sakamakon gwaje-gwajensa a 2017, an samu ƙarin kusan awa takwas, amma tashin zuciya da amai sun ninka har sau biyar. Tiramadol yana tsaka-tsaki, wasu gwaje-gwajen sun ga ƙarin ɗan lokaci, wasu ba su ga komai ba.

Yanzu a ajiye wannan kusa da wani magani da ba shi da alaƙa da mofin ko kaɗan, wato dezametason. Kusan kowane ƙaramin asibiti yana da shi, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, yana da araha, ba a kulle shi a akwati, ba a cika masa rajista. Nazarin da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2017 ya nuna cewa yana ƙara wa allurar kashe hannu kimanin awa shida da rabi idan an zuba shi a gefen jijiya, da kusan awa shida idan an ba da shi ta jijiyar jini kawai. Ga shi yana rage amai, wanda dangin mofin ke ƙarawa, kuma akwai alamun yana sassauta wancan zafi na tsakar dare. Aibinsa shi ne yana ɗaga sukarin jini na kwana ɗaya ko biyu, don haka mai ciwon sukari sai an lura da shi.

Lissafin da ya fi na mujalla

A asibitin Berlin ko Toronto, wannan muhawara ta awa biyu ko uku ce. A Sinnar ko Damazin ta zama ta rabon abin da bai isa ba.

Ko kafin yaƙi mofin na likita ba ya wadata a nahiyarmu. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2017 cewa rabin al'ummar duniya mafi talauci suna samun ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na dangin mofin da ake rabawa don magani. Yarjejeniyar duniya ta 1961 ta wajabta wa kowace ƙasa ta miƙa ƙiyasin buƙatarta ga hukumar sa ido da ke Biyana, ta nemi izinin shigo da kaya, ta riƙe lissafin kowace kwalba. Wannan tsari yana buƙatar gwamnati mai ofis da takardu. A Sudan, manyan rumbunan hukumar samar da magunguna ta ƙasa suna Khartum, yawancin masana'antun magani suna Bahri, kuma can yaƙi ya fara ci a ranar 15 ga Afrilun 2023. Aka mayar da Wad Madani cibiyar raba magani da agaji, bayan wata takwas ita ma ta faɗi. A Mayun 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta dakatar da aikinta a asibitin koyarwa na Madani, tana mai cewa an hana ta shigo da kaya da ma'aikata, ga kuma sace-sace da barazana. A wancan lokaci, kayan da ya sauka a Fot Sudan sai ya bi ta Kasala da Gadarif, tafiyar kusan kilomita 1,000, kafin ya iso Jazira.

To a ce ma'aikacin banju yana da kwalba goma ta mofin ko fetidin na mako guda. A wannan makon za a kawo yaron da ya ƙone, da matar da aka yi wa fiɗa aka ciro jariri, da wanda aka yanke wa ƙafa, da mai ciwon daji, domin cibiyar cutar daji ta Jami'ar Jazira da ke Madani tana daga cikin 'yan kaɗan da ƙasar ke da su. Duk kwalbar da aka juye cikin allurar hamata, inda hujjar amfaninta ke da rauni, an ɗauke ta ne daga ɗayan waɗannan, inda babu mai shakkar amfaninta. Bufrenofin da ya nuna amfani na gaske kuwa, shi ma yana ƙarƙashin kulawar doka, kuma ba kasafai ake ganinsa a rumbun asibitin karkara ba. Ga kuma batun lura: wanda aka ba dangin mofin, ko ta wace hanya, numfashinsa na iya raguwa, yana buƙatar mai duba shi, da naloson, maganin da ke karya shi, a kusa. Wanda za a sallama da yamma ya hau bayan a-kori-kura ba shi da ko ɗaya.

A ganina lissafin ya fito fili. A Jazira da Nil Azraƙ na yau, bufibaken a gefen jijiya da dezametason ta jijiyar jini ya fi dacewa, sannan a fara ba majinyaci farasitamol da ibufrofen ko dikulofenak, idan ƙodarsa da cikinsa lafiya, tun hannun bai farka ba. Mofin a ajiye shi ga wanda zai kwana a asibiti bayan babban aiki, a ba shi a lokacin da zafin ya taso.

Akwai ma inda daɗewar allurar ke zama illa. Mutanenmu, a Sudan kamar a Katsina ko Maraɗi, sukan fara zuwa wurin maɗori, wanda can ake kira basir. Idan an tsuke karaya da kara da tsumma, ko filastar asibiti ta matse, naman damtse yana kumbura a ciki har jini ya daina gudu, cikin 'yan awoyi ya fara mutuwa. Babbar alamar da ke ceton irin wannan hannu ita ce zafin da ya wuce misali. Hannun da aka kashe na awa 24 ba zai yi wannan ƙara ba. Likitoci suna saɓani kan girman haɗarin, amma inda babu nas da za ta riƙa duba yatsu kowace awa, mai hankali ba zai yi gasar tsawaita allura a kan sabuwar karayar damtse ba.

Ba raunin yaƙi kaɗai ke kai hannun manomi ɗakin tiyata ba. Jazira, Sinnar da Farin Nil suna tsakiyar yankin cutar da 'yan Sudan ke kira nabit ko madura, wadda ke shiga jiki ta sukar ƙaya, ta yi ta cin nama da ƙashi shekara da shekaru ba tare da zafi sosai ba. Ta fi kama ƙafa, hannu ne na biyu. Farfesa Ahmad Hassan Fahal ya kafa cibiyar bincikenta a Soba da ke Khartum a 1991, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su a 2016, yaƙi kuma ya tsayar da aikin cibiyar. Waɗanda ke fama da ita masu aikin gona ne, kuma tun da aka buɗe noman rani na Jazira a 1925 kakannin Hausawa da Fulani da Barebari na cikin waɗanda suka riƙe wannan aiki. Wanda ya yi shekara biyu ba magani, abin da ya rage sau da yawa shi ne a yanke kumburin ko a cire yatsa, aikin da allurar hamata ke isarwa ba tare da an taɓa tulun oksijin ba. Damazin da Rusairis kuwa sun ɗanɗana cunkoson masu rauni tun rikicin Yulin 2022 da na Wad al-Mahi a Oktoban wannan shekara, wanda ya ci ɗaruruwan rayuka, Hausawa da maƙwabtansu.

Tiramol na kasuwa

Mai karatu a Damagaram, Garwa ko zangon Kumasi ya san tiramol fiye da yadda ya san mofin, ya kuma san shi ne a hannun 'yan acaɓa da 'yan ga-ruwa. Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a Mayun 2018 bayan rahoton BBC, kuma a Fabrairun 2025 wani rahoton ya bankaɗo yadda ake shigo da ƙwayoyi masu haɗin tafentadol daga Indiya zuwa Afirka ta Yamma. Tsoron da wannan ya haifar yana da dalili, sai dai ya haifi wani abin takaici: kasuwa cike da ƙwaya mai ƙarfin da ya wuce ƙa'ida, akwatin asibiti kuwa wayam. Idan aka sallami mutum da mataccen hannu ba a gaya masa abin da zai faru da dare ba, ɗansa zai fita neman abin da ya samu, kuma abin da ke samuwa shi ne na mai tebur. Yawan tiramol yana jawo farfaɗiya, kuma daga kwana uku na ciwon karaya wasu suke ɗaukar jarabar da ba su rabuwa da ita.

Akwai ƙofar da doka ta bari. Tun 1996 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin da ke sauƙaƙa shigar da irin waɗannan magunguna ƙasar da ke cikin bala'i ba tare da jiran dukan takardun izini ba, kuma hukumar Biyana ta sha tunatar da ƙasashe su yi amfani da su. Yuganda ta nuna wata hanyar: tun 1993 aka fara haɗa mofin na sha a cikin ƙasar da ɗan kuɗi kaɗan, daga 2004 kuma doka ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi. Masu kai agaji Sudan, har da ƙungiyoyin Hausawa mazauna Saudiyya da ƙasashen Gulf da ke tara kuɗi don asibitocin garuruwansu, ba za su iya sayen mofin su aika ba, bai ma kamata su gwada ba. Amma ƙaramar na'urar sikanin da ake haɗawa da waya, da na'urar auna oksijin ta yatsa, da bufibaken, da kuɗin horar da ma'aikacin banju na 'yan makonni, babu dokar da ta hana. A yawancin asibitocin karkara ba likita ne ke ba da banju ba, mataimaki ne da ya ƙware a ketamin da allurar baya, kuma hannunsa ne zai koyi ta hamata.

Ga iyalan da za a yi wa nasu aiki, akwai tambayoyi da ya kamata a yi kafin a bar asibiti: ƙarfe nawa ake sa ran hannun zai farka, wane magani za a sha kuma a fara yaushe, wace alama ce ke nufin a dawo cikin dare. Yatsun da suka yi fari fat ko baƙi-baƙi, ko suka yi sanyi, ko zafin da ke ƙaruwa duk da magani, musamman idan an miƙar da yatsa, ba a jira musu wayewar gari. Sannan hannun da bai farka ba a rataye shi a wuya da gyale, kada a kwanta a kansa, a kuma nisanta shi daga kanun na gawayi da butar shayi, domin zai ƙone mai shi yana hira bai sani ba.